Daga Gantsa Zuwa Birnin Kudu a Kan Keke: Tarihin da Ke Kwance a Hanyar Burji

Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba. Wannan karon fita na yi. Na ɗauki keke na bi hanyoyin ƙauye na ƙaramar hukumar Buji, daga Gantsa har Birnin Kudu, kuma abin da na gani a hanya shi na kawo muku.

Bari in fara da abin da ya tunzura ni. Wani abokina ne ya turo min bidiyon Turawa suna tseren keke a kan hanyar tsakuwa, ƙura ta turnuƙe su. Da na bincika sai na ga ashe babban wasa ne. A garin Emporia da ke jihar Kansas a Amurka, mutum 34 suka fara wata gasa ta mil 200 a shekarar 2006, yau dubbai ke zuwanta. A 2022 har gasar duniya aka fara yi a Italiya. Wallahi dariya na yi. Ai abin da kakana ya shekara yana yi kenan da Ralinsa, ga buhun gero a kariya, daga wannan kasuwa zuwa waccan, ba wanda ya taɓa ba shi kofi. Amma da na nutsu sai na ga dariyar a kaina take. Kakana ya san sunan kowane rafi da kowace tsamiya da ke hanyarsa. Ni kuwa in ban da abin da nake hangowa ta tagar mota, me na sani a ƙasarmu?

To, na tashi daga Gantsa, hedikwatar Buji, bayan sallar asuba, da kaka, sanyi ya fara saukowa. An yanke gero, dawa ta sunkuya, ga riɗi an jingine shi a gonaki yana bushewa. Mutum bai san dalilin da ya sa aka kira jihar nan Jigawa ba sai ya hau keke. Kana cikin gudu a kan jan burji mai tauri, sai kawai ka auka rairayi, taya ta nutse, feda ta ƙi juyawa, dole ka sauka ka tura. Ga tsidau kuma, ƙayar nan 'yar mitsitsiya da ba ta raga wa taya. Duk wanda zai bi hanyar nan ba famfo ba kayan faci, to ya shirya tafiyar ƙasa.

Ita tsidau ɗin ce ma ta haɗa ni da darasin ranar. Wajen hantsi tayar baya ta sace a bayan wani ƙauye. Na ja keken gindin wata kuka, ina cikin faci sai ga wani dattijo ya fito daga gona da lauje a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Samari, daga ina haka da dokin ƙarfe?"

"Daga Gantsa, Baba. Birnin Kudu na nufa."

"Ba ka da kuɗin mota ne?"

Na ce masa a'a, ƙasa nake so in gani. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce to in ƙasa nake son gani, in ɗaga kai in ƙirga kukokin da ke wurin. Na ƙirga, sun fi goma, a cure wuri guda a tsakiyar gona. Ya ce, "Ɗana, kuka ba ta taruwa haka a banza. Nan kufai ne, gari ne ya tashi." Sannan ya nuna min wani dogon tudu da ya yi baka ya kewaye gonar. Ni da na ɗauka kunya ce ta noma. Ashe ragowar ganuwa ce. Da na tambaye shi wa ake tsoro har aka yi wa ɗan ƙaramin gari ganuwa, kalma ɗaya ya faɗa: Ningawa.

A nan zan ɗan tsaya, don wannan kalmar ita ce mabuɗin tarihin yankin. Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano da almajiransa bayan saɓani da masarauta a kan kuɗin ƙasa. Suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen da suka tarar a can, aka kafa daular da ta zame wa Kano ƙarfen ƙafa fiye da shekara hamsin. Sarakunanta irin su Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya sun yi ta kawo hari kudu maso gabashin ƙasar Kano, wato ɓangaren Birnin Kudu, Gwaram da Dutse, suna kwasar mutane da dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Ita Buji a lokacin tana cikin wannan yankin na bakin iyaka, domin sai a 1996 aka fitar da ita daga Birnin Kudu ta zama ƙaramar hukuma, shekara biyar bayan kafa jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991.

Ka gane ke nan me ya sa tsofaffin garuruwan nan suka rakuɓe a gindin dutse ko a cikin duhuwa. Daji garkuwa ne a wancan zamanin. Mahayin doki ba ya iya sukuwa cikin sarƙaƙiya, saboda haka ba a sare kurmin da ke bayan ganuwa. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903 hare-hare suka kau, mutane suka fara fita daga ganuwa suna bin gona, wasu suka koma bakin sababbin hanyoyi. Tsohon gari ya zama kufai, kukoki suka rage suna gadi. In kana cikin mota a kan kwalta ba za ka taɓa lura da wannan ba. Keke kuwa tafiyarsa daidai take da ganin ido, kuma yana tilasta maka tsayawa ka yi sallama.

Kuma fa yankin ya girmi zamanin Ningawa nesa ba kusa ba. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, har an ce ya auri 'yar Sarkin Dutse. A zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, Dutse ta yi ƙarfin da Kano ta ɗauko yaƙi takanas ta kawo mata, lokacin wani jarumi mai suna Ada. Har gobe in ka shiga Garu, tsohon garin Dutse, za ka ga yadda duwatsu suka rungume shi, ga dabino a tsakaninsu.

Bayan azahar na shiga Birnin Kudu, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ban nemi abinci ba sai da na je duwatsun nan masu zane: Dutsen Habude, Dutsen Mesa, Dutsen Murufu. A ƙarƙashin rumfunan dutse akwai zanen shanu, mafi yawa da jan launi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne shanun ba su da tozo, alhali duk saniyar da ka sani a ƙasar Hausa yau mai tozo ce. Wato waɗanda suka yi zanen sun yi kiwon wani irin shanu da ya riga namu zuwa nan. A tsakiyar shekarun 1950 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kan zanen da kuma duwatsun da ke kusa da su masu amo, waɗanda in ka ƙwanƙwasa da ɗan dutse sai su yi ƙara kamar kuge. Na ƙwanƙwasa da hannuna. Tsigar jikina ta tashi, don wurin bugun har ya lotsa saboda hannayen da suka riga nawa.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. A tafiyar yini guda na wuce buhunan gawayi jere a bakin hanya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ga kututturan marke da kirya inda dattijon nan ya ce da kurmi ne wanda ko da rana ba a shiga. Na ga inda aka haƙe gefen ganuwa aka buga bulo. Ban ga laifin mai neman abin da zai ci ba, talauci ba ya jin wa'azi. Amma duk kukar da ta faɗi, alamar wani gari ce ta ɓace, kuma duk dattijon da ya kwanta dama ba a ɗauki muryarsa ba, sunan garin ya bi shi. Shi wanda na haɗu da shi ya lissafa min unguwannin kufan nan ɗaya bayan ɗaya. Da na tambaya ko jikokinsa sun san su, sai ya girgiza kai ya ce suna birni.

Saboda haka ga roƙona, musamman ku 'yan Buji, Kiyawa, Gwaram, Jahun da Miga. Ba sai kana da keke mai tsada ba, tsohon Fonis ɗin gidanku ma ya isa in an gyara birki. Ka tashi da sassafe, ka riƙi ruwa da famfo da kayan faci, kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka dawo kafin magariba. In ka shiga gari ka fara da ƙofar dagaci ko mai unguwa, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto ko murya. Sannan ka yi tambaya uku: wa ya kafa garin nan, daga ina suka taso, ina tsohon wurin yake?

Wanda ya san wani kufai ko ragowar ganuwa a garinsu ya rubuta mana sunan wurin a ƙasa, za mu tattara mu karanta a shiri na gaba. Ni dai har yanzu cinyoyina ciwo suke, amma na riga na sayi sabuwar taya. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.