Daga Gure zuwa Tafkin Cadi: Nazari a kan Kalmomin Jirgin Ruwa a Hausa

Gabatarwa

Gure, tsohuwar cibiyar sarautar Muniyo a jihar Damagaram, gari ne na tudun rairayi da duwatsu da kwarin kanwa. Ba kogi a gefensa, don haka mai karatu na iya mamakin abin da ya haɗa shi da zancen jirgin ruwa. Amma hanyar da ta ratsa Gure daga Damagaram ita ce take kaiwa Diffa da Ngigmi, ita ce kuma 'yan ci-rani suke bi su je kamun kifi da fataucin banda a Komadugu Yobe da Tafkin Cadi. Wannan maƙala tana kafa hujja cewa kalmomin da waɗannan mutane suke amfani da su a kan ruwa taska ce ta ilimi, kuma daga bakinsu ya kamata a tattara su tun ba su salwanta ba.

Tsufan sana'ar a yankin

A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani katako. Masana daga jami'o'in Frankfurt da Maiduguri suka tono shi a 1994. Kwale-kwale ne da aka sassaƙa daga itace guda, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. Har yau ba a sami jirgin da ya girme shi a Afirka ba. Ke nan tun tafkin yana da faɗin da ya ninka na yanzu, mutanen wannan yanki suke sassaƙa jirgi suna tuƙa shi. Su ma Buduma, mazauna tsibiran tafkin, sun daɗe suna ɗaure ciyawar ruwa su yi jirgin da ake kira kadai, suna dakon kanwa da shi zuwa gaɓar Barno.

Abin da kalmomin suke nunawa

Idan aka jera kalmomin Hausa na wannan fanni, za a ga sun taru a wurare uku. Na farko shi ne jirgin da tuƙinsa: kwale-kwale, da filafili wanda ake sheƙa ruwa da shi, da gora wadda matuƙi yake tokarawa a ƙasa yana tura jirgi. Na biyu shi ne ƙetarewa: fito, ɗan fito, mashigi, gaɓa, kwata. Na uku kayan kamun kifi ne, irin su taru da koma da homa da gura da mamari.

Wannan jeri yana bayyana irin ruwan da Bahaushe ya sani. Gora ba ta aiki sai inda take taɓa ƙasa. Duk wanda ya ga ɗan fito tsaye a gindin jirgi, yana kafa gora, yana bin ta da hannu har ƙarshenta kafin ya zare, ya san cewa sana'ar ta gulbi ce da tafki mara zurfi mai yawan ciyawa. Shi ya sa harshen ba shi da yalwar kalmomi game da jirgin da iska take turawa. Irin wannan jirgi baƙo ne a tafkin: Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, a kan raƙuma ya ratso Sahara da nasa gunduwa-gunduwa daga Tarabulus, aka harhaɗa shi ya shiga ruwa a 1851.

Abin lura kuma shi ne yadda waɗannan kalmomi suka hau tudu. Jirgi ya ba da sunansa ga jirgin ƙasa da jirgin sama, tuƙi ya koma kan mota, kuɗin fito kuwa, wanda ake biyan mai ƙetarar da mutum, ya zama sunan harajin kayan da suka ƙetare iyaka. Al'ummar da ba ta san ruwa ba ba za ta gina harshen sufurinta na zamani a kan kalmomin kwale-kwale ba.

Hujjar masu saɓani

Wasu na cewa zamani ya wuce wannan, tunda inji ya maye gurbin filafili, kuma kalmomin aro daga Faransanci da Ingilishi sun wadatar. Aro ba aibi ba ne, kalmar inji ma ta zauna daram. Sai dai kalmar aro tana kawo sunan kayan aiki ne kawai. Ba ta kawo sanin inda ruwa yake juyawa, ko alamar hadarin da ke hana fito, ko iyakar lodin da jirgi zai ɗauka. Wannan sani yana wurin Sarkawan Kabi da Yawuri da sarakunan ruwa, kuma a cikin harshensu yake. Kifewar jirgin da ta halaka mutane da dama kusa da Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ta nuna cewa gargaɗin kariya sai ya zo da kalmomin da matuƙi da fasinja suke ji.

Kammalawa

Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, rikicin Boko Haram kuma ya raba masunta da yawa da tsibiransu. Idan sana'a ta tsaya, kalmominta ne suke fara tafiya. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana wasu, amma ya girmi zamanin inji da ragar leda. Ya kamata sassan nazarin harsuna na jami'o'in Yamai da Damagaram da Maiduguri da Sakkwato su tura ɗalibai wurin masunta da 'yan fito, su naɗi kowace kalma tare da aikin da take yi da harshen da ta fito. Aikin zai iya farawa daga tsofaffin 'yan ci-ranin tafki da suka dawo gida Gure, domin ilimin yana nan a bakinsu.