Attahiru Ya Tafi, Waziri Ya Tsaya

Mu mazauna Kurmi mun saba da gardamar ko ya halatta Musulmi ya bi hukumar da ba ta Musulunci ba. Ni 1903 nake tunawa. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi cikin Yuli. Waziri Buhari kuwa malamai ya tambaya. Suka ce muddin ba a hana salla da azumi ba, a bi su a zahiri, zuciya na ga Allah. Sai ya koma gari. Attahiru aka fi yabo, amma a ganina kayan Waziri ya fi nauyi, domin shi aka bar wa talakawan da ba su da guzurin hijira.