Daga Amal zuwa Mikuni: tarihin kafiretar tsofaffin baburan Ingila

Duk wanda ya gaji tsohon babur ƙirar Triumph, BSA ko Norton, ko ba jima ko ba daɗe zai ci karo da matsala guda: injin ya ƙi tsayawa a silo. Yanzu ya yi sama, an jima ya mutu. Sau da yawa laifin na kafireta ne, kuma asalinsa na cikin tarihinta.

Aikin kafireta shi ne haɗa fetur da iska. Iska na ƙara gudu idan ta bi ta ƙuntataccen maƙogwaro, matsinta ya ragu, sai ta zuƙo fetur ta wani ɗan rami da ake kira jet. Ƙonewa mai kyau na buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi.

A 1927 kamfanoni uku na Ingila, wato Amac da Binks da Brown & Barlow, suka haɗe suka zama Amal. Daga nan kusan duk baburan ƙasar suka koma amfani da kayansa. Samfurin Monobloc ya fito a tsakiyar shekarun 1950, sai Concentric a 1967, mai sauƙin ƙerawa da araha. To amma arahar ta zo da nata. Gangar jikin da marfin da ke hawa da sauka a ciki idan an murza totur, duk da ƙarfe iri ɗaya aka yi su, mai laushi, haɗin zink. Suna gogar juna suna cinyewa, iska ta riƙa satar hanya ta gefe, saitin silo ya lalace.

Shi ya sa masu babura da dama suka juya ga Mikuni ta Japan. Abin mamaki, kamfanin Mikuni da lasisin Amal ya fara ƙera kafireta a shekarun 1930, ka ga ɗan koyo ne ya zo ya gaji maigida. Masu Norton Commando da yawa kan cire Amal guda biyu su sa Mikuni guda ɗaya mai faɗin milimita 34, don a huta da daidaita biyu.

Ita ma Amal ba ta mutu ba. Kamfanin Burlen da ke Salisbury ya karɓe ta a 2003, daga baya ya fitar da samfurin Premier mai marfin alminiyam da aka taurara. Saboda haka yau zaɓi biyu ne: sabuwar Amal mai kamannin asali, ko Mikuni da ke buƙatar sabon mahaɗi na roba da wayar totur tata.

Ko wacce ka ɗauka, faɗin maƙogwaro ne abin dubawa na farko. Lambar Concentric na faɗa maka: 930 milimita 30 ce, 932 kuwa 32. Kada a ruɗe ka da cewa babba ta fi ƙarfi. Idan maƙogwaro ya yi faɗi da yawa, gudun iska zai ragu, zuƙon fetur ya yi rauni, babur ya riƙa shaƙewa a ƙaramin totur.

Sai ɗauri. Da noti biyu ake ɗaure Amal, kuma idan aka matse fiye da kima jikinta na lanƙwasa, marfin ya maƙale a sama, totur ya ƙi dawowa kana kan titi.

Na ƙarshe shi ne saiti. Ƙaramin jet ke riƙe silo, allura ke kula da tsakiya, babban jet kuma daga kashi uku cikin huɗu na totur zuwa ƙarshe. Lambar jet ɗin Amal ba lallai ta yi daidai da ta Mikuni ba. Bayan gwaji, kwance fulogi ka duba: ruwan ƙasa alama ce mai kyau, baƙi fetur ya yi yawa, fari fat kuwa fetur ya yi kaɗan. Wannan na ƙarshen shi ne mai haɗari, domin zafinsa na iya huda kan fistan, a injin da ya haura shekara hamsin yana aiki.