Tuddan Yashi na Tafkin Mishigan: Abin da Aka Tsirar da Abin da Ya Salwanta

A fitowar bana mun ga ya dace mu yi nisan zango, mu kawo muku tarihin wata gwagwarmaya da aka yi a ƙasar Amurka a kan yashi da bakin ruwa, wadda ta ci shekara hamsin kafin a ga ƙarshenta. Magabata sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tafkin Mishigan ɗaya ne daga cikin manyan tafkuna biyar na arewacin Amurka. A gaɓarsa ta kudu, cikin jihar Indiyana, kusa da birnin Shikago, igiyar ruwa takan turo yashi bakin gaɓa, iska kuma ta kwashe shi ta tara. A cikin dubban shekaru wannan tari ya zama manyan tuddai, wasu sun kusan kai ƙafa 200 a tsawo. Wani malamin ilimin tsirrai na Jami'ar Shikago mai suna Henry Cowles ya yi nazarin wurin, a 1899 ya wallafa bayanin yadda ciyawa ke fara kama yashi, sai ƙananan itatuwa su biyo baya, har wuri ya zama kurmi. Wannan nazari ne ya sa sunan yankin ya shahara a wurin masana.

Sai dai masu masana'antu ma sun ƙyalla ido a kan wannan gaɓa, domin jiragen ruwa na iya kawo tama da sauran kayan aiki har bakinta. A 1906 kamfanin U.S. Steel ya baje tuddai ya kafa masana'antar ƙarfe da garin Gary. Can gabas kuwa, a garin Michigan City, akwai wani ƙaton tudu da ake kira Hoosier Slide, wanda baƙi kan zo kallo. Aka riƙa loda yashinsa a taragon jirgin ƙasa ana sayar wa masu yin gilashi da kwalabe, har ya ƙare ƙarƙaf a wajejen shekarun 1920.

Ganin haka ya sa mutanen Shikago masu zuwa shan iska a wurin suka fara ɗaga murya. A 1916 Stephen Mather, shugaban farko na hukumar kula da gandayen shaƙatawa ta Amurka, ya zauna a Shikago ya saurari ra'ayin jama'a, ya kuma goyi bayan gwamnatin tarayya ta keɓe tuddan. Amma a 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, hankali ya koma can, maganar ta bi ruwa. Abin da aka samu kawai shi ne gandun da jihar Indiyana ta kafa a 1925, mai faɗin eka dubu biyu da ɗoriya da gaɓa ta kimanin mil 3. Sauran gaɓar ta ci gaba da zama a kasuwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shugabannin jihar suka dage sai an gina babbar tashar jiragen ruwa a tsakiyar tuddan. A nan ne wata dattijuwa mazauniyar yankin, Dorothy Buell, wadda ta haura shekara sittin, ta tara wasu mata a gidanta a 1952 suka kafa ƙungiyar Save the Dunes, wato a ceci tuddai. Ba su da mulki, ba su da dukiyar kamfanoni. Da kuɗin karo-karo suka sayi wata fadama da ke ɗauke da sunan Cowles a 1953, suka kuma tara sa hannun dubban mutane a takardar koke. Da suka ga wakilan jiharsu sun karkata ga tashar, sai suka nemi Sanata Paul Douglas na jihar Ilinoyi da ke maƙwabtaka da su. Shi ne ya gabatar da ƙudurin doka a majalisa a 1958.

Yayin da ake ja-in-ja a majalisa, motocin tura ƙasa ba su jira kowa ba. A farkon shekarun 1960 kamfanin Bethlehem Steel ya baje tuddan tsakiya, waɗanda masana ke ganin su ne suka fi kyau, aka kwashi yashinsu zuwa jihar Ilinoyi don cike bakin tafki a faɗaɗa harabar Jami'ar Northwestern. A 1963 gwamnatin Shugaba Kennedy ta kawo shawarar sulhu: a gina tasha, a kuma keɓe abin da ya rage. Douglas ya tsaya kai da fata cewa ba za a saki kuɗin tashar ba sai an amince da gandun. A watan Nuwamba na 1966 Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar da ta keɓe eka 8,330. An yi ta ƙara faɗinsa a 1976 da 1980 da 1986 da 1992, har ya wuce eka 15,000, da gaɓa ta kimanin mil 15. A 2019 aka ɗaga darajarsa zuwa cikakken gandun shaƙatawa na ƙasa.

Rigimar bakin ruwa ba ta tsaya nan ba. Wasu masu gidaje a gaɓar sun yi iƙirarin cewa filinsu ya kai har inda ruwa ya tsaya, don haka babu mai ikon ratsawa. A 2018 Kotun Ƙoli ta jihar Indiyana ta yanke hukunci cewa gaɓar, har zuwa iyakar da ruwa ya saba kaiwa, amana ce a hannun jiha domin jama'a, kuma kowa na da ikon tafiya a kanta.

To, 'yan'uwa, mu dubi lissafin. Daga 1916 zuwa 1966 shekara hamsin ke nan, kuma a cikin wannan jinkiri ne tuddan da suka fi daraja suka salwanta. Dokar da ta zo daga baya ba ta dawo da ko kwando ɗaya na yashinsu ba. Abin da ya tsira kuwa, ya tsira ne saboda ƙungiyar mutane marasa muƙami ta saye abin da za ta iya saya, ta kuma nace har aka rubuta sauran a doka. Sana'a da aikin yi ba abin ƙi ba ne, tashar ma an buɗe ta a 1970, amma an shata mata iyaka.

Mu ma muna da irin wannan dukiya ta kowa da kowa: gaɓar rafi da tifofi ke kwasar yashinta, kududdufan da ake cikewa a yanka filaye, burtali da makiyaya. Idan Allah ya kai mu taron shekara, mu tambayi junanmu wanne daga cikinsu ne aka auna, aka kafa masa turaku, aka yi masa takarda da sunan al'umma. Wanda ba a yi wa ba, mu fara da shi tun bana, domin da-na-sani ƙeya ce.