Juriya Mai Cin Jiki: Sanin Kai da Lafiyar Zuciyar Mazan Baƙar Fata a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci alaƙar sanin kai da juriya da lafiyar zuciya a wurin mazan baƙar fata na Amurka. An bi hanyar bitar ayyukan masana da sakamakon binciken lafiya da aka wallafa tsakanin 1903 da 2018. Nazarin ya gano cewa shirun da ake yawan zargin waɗannan maza da shi garkuwa ce da tarihin wariya ya tilasta musu ɗauka, kuma nauyinta na ƙarewa a jikinsu. An kuma gano cewa taimako ya fi karɓuwa idan aka kai shi inda suka riga suka saki jiki.

1.0 Gabatarwa

A 2007 David Williams da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon wani babban bincike kan ciwon damuwa mai tsanani a Amurka. Kashi 10.4 cikin 100 na baƙaƙen fata ’yan asalin ƙasar ne suka taɓa fama da shi, a kan kashi 17.9 na farare. Sai dai idan ciwon ya kama baƙar fata, ba ya saurin sakinsa: ya zama daɗaɗɗe ga kashi 56.5 na masu fama da shi a cikinsu, alhali a wurin farare kashi 38.6 ne. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me ke hana namiji baƙar fata faɗin abin da ke damunsa har ciwo ya yi kanta, kuma ta wace ƙofa za a isa gare shi?

2.0 Ra’in Bincike

W.E.B. Du Bois ya bayyana a 1903 cewa baƙar fata a Amurka yana rayuwa da ido biyu: nasa, da na al’ummar da ke kallonsa da raini. A 1971 William Cross ya tsara matakai biyar da mutum ke bi kafin ya zauna lafiya da asalinsa. Yakan fara da auna kansa da ma’aunin farare, sai wani abu ya faru da zai farkar da shi, sai ya tsunduma cikin al’adar mutanensa da zafin rai, sannan ya natsu, daga ƙarshe ya mayar da natsuwar hidima ga jama’a. A kan wannan ra’i aka ɗora nazarin, domin yana nuna cewa ci gaban mutum ba ya rabuwa da yadda al’umma ke karɓarsa.

3.0 Fuskar da Aka Horar

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wurin waɗannan maza, fuskar ce aka fara horarwa. Richard Majors da Janet Mancini Billson sun nuna a 1992 yadda matasa ke koyon ɗaure fuska da taku cikin isa da nuna ba abin da ya dame su, don kare mutuncinsu a gaban ɗan sanda da malami da ubangida a wurin aiki. Dabarar tana amfani a titi, amma idan ta bi mutum gida sai ta shiga tsakaninsa da matarsa da ’ya’yansa, har ya kasa cewa “na gaji”.

Sherman James, masanin yaɗuwar cututtuka, ya bi sawun abin da wannan juriya ke yi wa jiki. A ƙarshen shekarun 1970 ya haɗu da John Henry Martin, wani dattijon manomi a jihar Karolina ta Arewa. Martin ya taso yana noma gonar wani ana raba amfani. Ya ɗaura ɗamarar mallakar tasa, ya ci bashi ya sayi eka 75, ya yi aiki ba dare ba rana har ya biya cikin shekara biyar. Gona ta zama tasa, amma ya gamu da hawan jini da amosanin gaɓɓai da gyambon ciki mai tsananin da sai da aka yanke kashi 40 cikin 100 na tumbinsa. Daga labarinsa James ya tsara ma’auni mai tambayoyi 12 na auna naci da dogaro da kai. Bincikensa a gundumar Edgecombe ya nuna cewa mazan da suka haɗa tsananin naci da ƙarancin ilimi sun fi takwarorinsu hawan jini. Bincike-binciken da suka biyo baya ba duka ne suka dace da wannan sakamako ba, amma darasin ya zauna: ƙoƙari ba tare da abin hannu ba lafiya yake ci.

4.0 Dalilan Gudun Asibiti

Rashin yardar waɗannan maza da asibiti yana da tushe. A 1851 likita Samuel Cartwright ya kira gudun bawa daga ubangidansa ciwon hauka. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar ƙasar ta bi maza 600 a Tuskegee ta jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu tunjere, aka hana su magani ko bayan samuwar fenisilin don a ga yadda cutar ke ƙarewa. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara. Jonathan Metzl kuma ya binciki bayanan asibitin Ionia na jihar Mishigan, ya nuna yadda a shekarun 1960 da 1970 aka riƙa fassara fushin mazan baƙar fata a matsayin taɓin hankali. Ga kuma ƙarancin masu sauraro daga cikin nasu: a 2015 kusan kashi 4 cikin 100 ne kacal na masana halayyar ɗan’adam a ƙasar baƙaƙen fata.

5.0 Shagon Aski

A unguwannin baƙaƙen fata, shagon aski majalisa ce. Mutum kan shekara goma a hannun mai aski ɗaya, a nan ake hirar ƙwallo da siyasa da aure da rashin aiki. Ronald Victor ya gwada ƙarfin wannan amana a shaguna 52 na gundumar Los Anjeles, da maza 319 masu hawan jini, aka wallafa sakamakon a 2018. A wasu shagunan mai aski kan haɗa abokin cinikinsa da masanin magunguna da ke zuwa shagon, a auna jini a ba da magani a nan take. A sauran kuwa shawara kawai ake bayarwa ta zuwa ganin likita. Bayan wata shida, awon jini na sama ya sauka da maki 27 a rukunin farko, da maki 9.3 a na biyu.

Wannan gwaji kan hawan jini ne, don haka ba za a ɗauki alƙalumansa kai tsaye a ɗora wa ciwon damuwa ba. Abin da ya tabbatar shi ne mazan da ake cewa ba sa son magani sun karɓe shi da aka biyo ta hannun wanda suka yarda da shi. A kan irin wannan tunani Lorenzo Lewis ya kafa shirin Confess Project a Little Rock ta jihar Arkansas a 2016, inda ake koya wa masu aski sauraro ba tare da kushe ba, da gane alamun damuwa, da tura mutum wurin ƙwararru.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa kira ga namiji baƙar fata ya buɗe zuciyarsa bai isa ba, matuƙar abin da ya sa ya rufe ta yana nan. Ana ba da shawarar abubuwa uku: a gudanar da gwaji irin na Victor kan ciwon damuwa kansa, a ƙara horar da ƙwararru daga cikin al’ummar, kuma a riƙa lissafa aikin yi da albashi da adalcin shari’a cikin magungunan wannan ciwo. Mai aski zai iya jin kuka ya nuna hanya, amma sauke nauyin da ke haddasa kukan hakki ne a wuyan hukuma da al’umma baki ɗaya.