Asalin Binciken Laifi Ta Hanyar Kimiyya

A zamanin da, idan aka yi kisa babu wanda ya gani, sai a koma ga rantsuwa, ko a yi ta dukan wanda ake tuhuma har ya amsa. Da yawa sun amsa laifin da ba su yi ba, don dai a sassauta musu.

A ƙasar Sin aka yi wani alƙali mai suna Song Ci. A shekarar 1247 ya wallafa littafi kan yadda ake duba gawa a gane abin da ya kashe ta. A ciki ya kawo labarin wani mutum da aka tsinci gawarsa da saran lauje. Mai bincike ya sa mutanen unguwar su kawo laujunansu, aka jera su a ƙasa. Duk sun fito tas, amma sai ƙudaje suka yanyame guda ɗaya. Mai laujen ya wanke jinin da ido ke gani, bai wanke ƙarnin da ƙuda ke ji ba. Nan take ya amsa.

Bayan ƙarnuka aka gano cewa kowa da zanen yatsarsa, ko tagwaye ba sa haɗa iri ɗaya. A 1892, a garin Necochea na ƙasar Ajantina, aka kashe yara biyu, uwarsu ta ɗora wa wani maƙwabci. Aka tsare shi, aka matsa masa, ya ce bai yi ba. Wani sufeto ya ga shatin yatsa na jini a jikin ƙofa, ya yanko katakon, aka gwada bisa tsarin tantance zanen yatsa na wani mai suna Juan Vucetich. Ashe yatsar uwar ce. Aka sallami maƙwabcin.

A 1984 kuma Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester a Ingila ya gano yadda ake bambance mutane ta ƙwayar halitta, wato DNA. Da 'yan sanda suka fara aiki da ita a 1986, wani saurayi ta fara wankewa, wanda har ya riga ya amsa kisa. Daga baya aka kama ainihin mai laifin.

Don haka kada mu ɗauka kama ɓarawo da mai kisa ne kaɗai amfanin wannan ilimi. Babban alherinsa shi ne kuɓutar da wanda aka yi wa ƙazafi, a lokacin da ba shi da mai tsaya masa.