Ƙoƙon Kan Kiristal: Yadda Dillalai Suka Ƙera Abin Al'ajabi

A shekarar 1897 gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya sayi wani ƙoƙon kan mutum da aka sassaƙa da dutsen kiristal, garau kamar ruwa, daga kamfanin Tiffany na Amurka. An ce aikin Aztek ne, mutanen Meziko na dā. Kafin nan ya bi ta hannun Eugène Boban, Bafaranshe dillalin kayan tarihi da ya daɗe a Meziko. Daga baya masu son almara suka ƙara gishiri: wai irin waɗannan ƙoƙuna suna warkarwa, wai ma halittun wata duniya ne suka kawo su.

Tambayar masanin kayan tarihi ba ta da ado: a ina aka tono shi, wa ya gani? Har yau ba a taɓa samun ƙoƙon kiristal ko ɗaya ba a wani tono na masana da aka rubuta bayaninsa. Duk daga kasuwa suka ɓullo.

Wanda ya fi suna shi ne na gidan Mitchell-Hedges. Anna, 'yar riƙon wani Bature mai suna Mitchell-Hedges, ta yi ta cewa ita ta tsince shi a kufan Lubaantun, a Beliz ta yau, cikin shekarun 1920. Takardun gwanjon Sotheby's kuwa sun nuna uban nata ya saye shi ne a Landan a 1943.

Sauran hujjar tana jikin dutsen. A 1992 wani ya aika wa cibiyar Smithsonian wani ƙaton ƙoƙo ta gidan waya, bai ko sa sunansa ba. Jane Walsh ta cibiyar da Margaret Sax ta gidan tarihin Birtaniya suka sa shi da na gidan tarihin Landan a ƙarƙashin madubin lantarki, sakamakon ya fito a 2008. Sun ga sawun faifan gurza mai juyawa, kayan aikin da Aztek ba su sani ba. Su da yashi da dutse suke gogewa. A jikin na Smithsonian akwai ɓurɓushin karborandum, sinadarin da sai a shekarun 1890 aka fara haɗa shi. Dutsen na Landan kuma daga Burazil ko Madagaska yake.

Abin takaicin, ƙaryar ta fi cutar da Aztek ɗin kansu, domin ta kau da ido daga ƙoƙunan dutse na gaskiya da suka sassaƙa, waɗanda aka tono a babban haikalinsu na Tenochtitlan.